NAZARI: Shari'ar Turakun Wayar Salula Tsakanin Kamfanoni Da Ƙananan Hukumomi A Amurka

Duk wanda ya ɗaga wayar salula ya yi magana, muryarsa tana fara sauka ne a kan wani dogon ƙarfe da ke tsaye a wani fili kusa da shi, watau turken sadarwa. Wannan turke yana da iyayen gida biyu. Igiyoyin rediyon da yake watsawa suna ƙarƙashin ikon gwamnatin tarayya, domin ita ke ba da lasin amfani da su. Ƙasar da aka kafa shi a kai kuwa tana ƙarƙashin hukumar gari, wadda ita ke da hakkin cewa nan unguwar zama ce, can kasuwa, can kuma masana'antu. Idan kamfani ya ce lalle a wannan kwana turkensa zai tsaya, hukumar gari kuma ta ce ba ta yarda ba, to, maganar wa za a bi?

Amurka ta sha jan wannan magana a gaban alƙalai. Tun daga shekarar 1996 ake ta kai ruwa rana a kanta, har ta je gaban Kotun Ƙolin ƙasar sau uku, a 2005 da 2013 da 2015. Wanda ya bi sawun waɗannan shari'o'i zai ga cewa ba a taɓa ƙwace ikon ba da izini daga hannun ƙananan hukumomi gaba ɗaya ba. Abin da aka yi shi ne an yi ta ɗaure ikon da igiyoyi uku: wa'adin lokaci, da rubuta dalili, da kawo hujja. A kan waɗannan abubuwa ne ake cin shari'a ko a faɗi, kuma a kansu ne kuɗin masu zuba jari ke ƙaruwa ko ya narke.

Yadda rigimar ta samo asali

Tsarin da Amurka ta fara da shi a shekarun 1980 ya ba da lasin salula biyu ne kawai a kowane yanki. Daga watan Disamba na 1994 zuwa Maris na 1995, Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wadda aka fi sani da FCC, ta yi gwanjon waɗansu sababbin lasisi, inda ta tara fiye da dala biliyan 7. Sababbin kamfanonin za su yi aiki ne a kan zangon megahaz 1,900, alhali tsofaffin suna kan zangon 800. A ƙa'idar kimiyya kuwa, gwargwadon hawan lambar zango, gwargwadon raguwar nisan da igiyar ke ci. Ma'anar wannan ita ce, sabon kamfani yana bukatar turaku da yawa fiye da tsohon kafin ya game gari guda, ga shi kuma kamfanonin da ke takara a kowane gari sun ƙaru.

Kamfanin da ya biya miliyoyin daloli ya sayi lasi, yawanci da kuɗin bashi, ba shi da hanyar samun ko sisi sai turakunsa sun tsaya. Kowane wata da ya wuce ba a ba shi izini ba, ruwan bashi yana hawa, abokin takara kuma yana kwashe masu saye. A ɗaya gefen kuma akwai kansiloli, waɗanda masu gidajen unguwa ne suka zaɓe su. Mai gida a Amurka yana ɗaukar gidansa a matsayin babban jarinsa na duniya, saboda haka duk abin da yake tsammani zai rage masa daraja, ko ya ɓata masa kyan gani, ko ya taɓa lafiyar 'ya'yansa, zai cika zauren majalisar gari a kansa. Kansilan da ya ga zaure ya cika da masu ƙuri'a ba ya bukatar a gaya masa inda zai karkata.

A cikin wannan hali ne Majalisar Dokokin Amurka ta tsara sabuwar Dokar Sadarwa, wadda Shugaba Bill Clinton ya rattaba wa hannu ran 8 ga watan Fabrairu, 1996. Daftarin da Majalisar Wakilai ta fara amincewa da shi ya so a ɗora wa FCC aikin tsara ƙa'idojin kafa turaku na ƙasa baki ɗaya, amma kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu ya yi watsi da wannan shawara. Maimakon haka sai sashe na 704 na dokar ya bar ikon a hannun jihohi da ƙananan hukumomi, sa'an nan ya gindaya masu sharuɗɗa.

Dokar ta hana hukumar gari nuna bambanci marar dalili tsakanin kamfanonin da ke yin aiki iri ɗaya. Ta hana ta haramta aikin wayar salula a yankinta, ko kuma ta yi wani abin da sakamakonsa zai zama haramtawa ko da ba ta furta ba. Ta wajabta mata ta ba da amsa cikin lokacin da ya dace, kuma idan za ta ƙi, to, ta ƙi a rubuce, da ƙwaƙƙwarar hujja da ke cikin rubutaccen bayanin zamanta. Har wa yau dokar ta ce muddin turke bai wuce iyakar ƙarfin igiyoyin rediyo da FCC ta ƙayyade ba, hukumar gari ba ta da ikon hana shi saboda tsoron illar waɗannan igiyoyi. Wanda kuma yake ganin an zalunce shi, yana da kwana 30 kacal ya kai ƙara, kotu kuma ta saurare shi cikin gaggawa.

Sai dai 'yan majalisa sun bar kalmomi da dama a buɗe. Ba su faɗi kwana nawa ne lokacin da ya dace ba, ba su bayyana irin hujjar da za a kira ƙwaƙƙwara ba, ba su kuma ce ga abin da rubutun ƙin zai ƙunsa ba. Lauyoyi sun ci abinci a kan kowace ɗaya daga cikinsu.

Mene ne hujja?

Shari'ar farko da ta yi suna ita ce ta birnin Virginia Beach, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta huɗu ta yanke a 1998. Kamfanonin waya, ciki har da AT&T, sun nemi kafa turaku biyu masu tsawon ƙafa 135 a filin wata majami'a da ke tsakiyar unguwar zama mai itatuwa da yawa. Ma'aikatan tsara gari sun ba da shawarar a amince, amma ɗaruruwan mazauna unguwar suka sa hannu a takardun ƙin yarda, majalisar birnin kuma ta bi su. Kotu ta ba birnin gaskiya. A ganinta, kansila ɗan siyasa ne da jama'a suka zaɓa, don haka idan ya ɗauki ƙorafin jama'ar da ta zaɓe shi a matsayin hujja, bai yi laifi ba. Ta kuma yarda cewa hatimin da aka buga wa takarda mai nuna an ƙi ya isa a kira shi amsa a rubuce.

Shekara guda bayan haka, a 1999, kotun shiyya ta biyu ta bi wata hanya dabam a shari'ar garin Oyster Bay da ke jihar New York. A can kamfanin ya nemi ɗora eriya ne a kan tankunan ruwa na gari. Da alƙalai suka karanta bayanin zaman da aka yi, sai suka tarar yawancin waɗanda suka yi magana tsoron ciwon daji da sauran cututtuka suka ambata, maganar kyan gani da darajar gidaje kuwa an taɓa ta ne sama-sama, ba tare da wani ƙwararre ko wani adadi ba. Kotu ta ce wannan bai kai hujja ba, ta kuma umarci garin ya ba da izini.

Wannan hukunci ya koya wa mazauna unguwanni darasi mai ɗaci. Abin da ya fi damun su shi ne abin da doka ta hana a yi la'akari da shi, har ma yawan ambatonsa a zaure yana iya zama makami a hannun lauyan kamfani. Shi ya sa lauyoyin ƙananan hukumomi sukan ja kunnen kansiloli kafin zama, cewa kada wanda ya kuskura ya ambaci lafiya sa'ad da yake bayyana dalilin ƙuri'arsa. Masu adawa da suka fahimci wannan sai suka koma kawo hotunan yadda turken zai bayyana daga tagoginsu, da rahoton masu ƙiyasin darajar gidaje, da taswirar waɗansu filayen da kamfanin zai iya amfani da su.

A wannan shekarar dai kotun shiyya ta biyu ta sake yanke wata shari'a, ta garin Ontario, shi ma a jihar New York, wadda ta zama ma'auni ga kotuna da dama. Kamfanin Sprint ya nemi kafa turaku uku masu tsawon ƙafa 150, hukumar garin kuwa ta nuna ta fi son guda ɗaya mai ƙafa 250. Kamfanin ya dage a kan cewa shi ke da hakkin tsara yadda zai shimfiɗa aikinsa, kuma hana shi ko turke ɗaya daidai yake da haramta masa aiki. Kotu ba ta karɓi wannan ba. Ta ce kafin a kira ƙin izini haramtawa, tilas kamfani ya nuna akwai babban giɓi inda waya ba ta samuwa, ya kuma nuna cewa hanyar da ya zaɓa ta toshe giɓin ita ce mafi ƙarancin takura wa gari.

Daga nan wata sabuwar gardama ta ɓullo, wadda ta shafi 'yan kasuwa kai tsaye: giɓin wa ake nufi? Waɗansu kotuna, kamar ta shiyya ta uku, sun ce in dai akwai kamfani ɗaya da ke ba da sabis a wurin, to, babu giɓi. Waɗansu kuma, kamar ta ɗaya da ta tara, suka ce kowane kamfani da nasa giɓin. Ra'ayin farko yana nufin wanda ya riga shiga unguwa ya rufe ƙofa ke nan a bayansa, abin da ya saɓa wa manufar dokar ta haɓaka takara. A 2009 FCC ta fito ta goyi bayan ra'ayi na biyu.

Jinkiri

Hukumar da ba ta son turke ba lalle ne ta ce a'a ba. Tana iya yin shiru. Kwana biyar bayan an sa hannu a kan dokar 1996, ƙaramin birnin Medina da ke jihar Washington ya dakatar da ba da izinin kafa turaku na wata shida, da hujjar cewa yana son ya tsara ƙa'idojinsa tukuna. Sprint ya kai ƙara, amma kotun tarayya ta ce dakatarwar ta ɗan lokaci ce kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta. Garuruwa da yawa suka bi sahu. A 1997 wata kotun tarayya a jihar Alabama ta taka wa gundumar Jefferson birki, bayan ta ga gundumar tana ta jera dakatarwa, wannan na ƙarewa tana ɗora wata.

Abin da ya ƙara wa jinkiri ƙarfi shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na watan Maris, 2005. Wani ɗan kasuwa a birnin Rancho Palos Verdes na jihar Kalifoniya, wanda aka hana izinin amfani da eriyar da ke gidansa don kasuwanci, ya nemi birnin ya biya shi diyya da kuɗin lauya a ƙarƙashin wata tsohuwar dokar kare hakkin jama'a ta 1871. Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Antonin Scalia, ta ce ba za a yi amfani da waccan doka a irin wannan ƙara ba, domin dokar 1996 ta riga ta tanadi nata maganin. Dalilin alƙalan yana da ma'ana, tun da ƙaramin gari mai mutum dubu biyu ba zai iya biyan kuɗin lauyoyin babban kamfani ba, kuma tsoron haka zai sa ya amince da duk abin da aka kawo masa. Amma ta fuskar lissafin kasuwanci, hukuncin ya bar nauyin jinkiri a wuyan kamfani. Mafi munin abin da zai sami gari idan ya faɗi shari'a shi ne a umarce shi ya ba da izinin da tun farko aka nema. Mai filin da ya yi yarjejeniyar haya da kamfani shi ma yana cikin masu asara, domin a yawancin irin wannan yarjejeniya cikakken kuɗin haya ba ya fara shigowa sai an sami izini an kama aiki.

A 2008 ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta Amurka, watau CTIA, ta kai kuka gaban FCC. Bisa ga alƙaluman da ta gabatar, daga cikin takardun neman izini kimanin 3,300 da ke jiran amsa, wajen 760 sun haura shekara guda, fiye da 180 kuma sun haura shekara uku. A watan Nuwamba na 2009 FCC ta yanka wa'adi: kwana 90 idan ƙara eriya za a yi a kan turke ko ginin da ke tsaye, kwana 150 idan sabon turke ne. Hukumar ba ta yarda da bukatar kamfanoni ta cewa cikar wa'adi ya zama tamkar an ba da izini ba. Abin da ta ce shi ne, da zarar kwanakin sun cika ba amsa, ƙofar kotu ta buɗe wa kamfani, ita kuma hukumar gari sai ta je ta bayyana wa alƙali abin da ya tsayar da ita.

Biranen Arlington da San Antonio na jihar Teksas suka ƙalubalanci wannan, suna cewa Majalisa ba ta ba FCC ikon fassara wannan sashe ba, kotuna ta bai wa. A watan Mayu na 2013 Kotun Ƙoli ta ba FCC gaskiya da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, Babban Mai Shari'a John Roberts yana cikin waɗanda suka ƙi. Hukuncin ya dogara ne a kan wata ƙa'ida da aka kafa a 1984 a shari'ar kamfanin Chevron, mai cewa idan lafazin doka yana da harshen damo, kotu ta bi fassarar hukumar da ke aiwatar da ita matuƙar fassarar ba ta saɓa wa hankali ba. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli ta soke ƙa'idar ta Chevron. Ta dai ce hukunce-hukuncen da aka riga aka yanke a kanta ba su rushe ba, amma duk wata sabuwar ƙa'ida da FCC za ta fitar, alƙali zai auna ta ne da fahimtarsa ta dokar.

Kwana ashirin da shida na Roswell

Shari'ar da ta fi nuna yadda ƙaramin sakaci na ofis ke rushe matsayin gari ita ce ta Roswell, wani birni a arewacin Atlanta, jihar Jojiya. A 2010 kamfanin T-Mobile ya nemi kafa turke mai tsawon ƙafa 108 a wani fili da ba a gina ba cikin unguwar zama, kuma ya yi alkawarin yi masa siffar itace don kada ya ɓata kyan wurin. Majalisar birnin ta zauna ran 12 ga watan Afrilu ta ƙi. Bayan kwana biyu aka aika wa kamfanin wasiƙa cewa an ƙi, ba tare da an faɗi dalili ba, aka ce ya nemi bayanin zaman a wurin magatakarda. Cikakken bayanin bai fito ba sai bayan kwana 26 da aika wasiƙar, watau saura kwana huɗu wa'adin kai ƙara ya cika.

A watan Janairu na 2015 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, shi ma 6 da 3, Mai Shari'a Sonia Sotomayor ce ta rubuta ra'ayin masu rinjaye. Kotun ta ce wajibi ne hukumar gari ta faɗi dalilanta, domin ba yadda alƙali zai auna ko hujja ƙwaƙƙwara ce alhali bai san abin da ake kafa wa hujjar ba. Ta sassauta wa garuruwa ta hanyar cewa ba dole ne dalilan su kasance cikin wasiƙar ƙin ba, kuma ba dole su yi tsawo ba, suna iya zama a wata takarda dabam. Amma tilas takardar ta fito kusan lokaci ɗaya da wasiƙar. Roswell ta faɗi a kan wannan batu, kuma kotun ba ta ma kai ga duba ko dalilan kansilolinta masu kyau ne ko a'a ba. Da wannan hukunci zamanin hatimi mai kalma guda, irin na Virginia Beach, ya wuce.

Daga nan ma'auni ya ci gaba da rinjaya wajen kamfanoni. Tun a 2012 Majalisa ta cusa wani ɗan gajeren sashe, mai lamba 6409, cikin wata dokar haraji, wanda ya tilasta wa hukumomin gari amincewa da duk wani gyara ko ƙarin eriya a kan turken da ke tsaye, muddin bai canza girmansa ainun ba. A 2014 FCC ta ba irin wannan takarda wa'adin kwana 60, kuma a wannan karon ta ce idan wa'adi ya cika shiru, an ba da izini ke nan. Babu waɗanda suka ci moriyar wannan kamar kamfanonin da sana'arsu ita ce mallakar turaku suna ba da haya, irin su American Tower da Crown Castle da SBA, tun da ribarsu tana cikin ɗora ɗan haya na biyu da na uku a kan ƙarfen da aka riga aka kashe kuɗin kafa shi.

Zuwan fasahar 5G ya sauya siffar rigimar, domin ƙananan akwatunan eriya ake ratayawa a kan turakun fitilu da na lantarki a bakin titi, waɗanda da yawa daga cikinsu mallakar gari ne. Nan maganar ta koma ta kuɗi zalla. A 2018 FCC ta haramta dakatar da karɓar takardu, ta sa wa'adin kwana 60 da 90 ga ƙananan eriya, ta kuma ce kuɗin da gari zai karɓa kada ya wuce abin da aikin ya ci masa. Ta ba da adadin da za ta ɗauka a matsayin mai dacewa: dala 500 ga takardar da ta ƙunshi eriya biyar, dala 100 ga kowace ƙari, dala 1,000 ga sabon turke, da dala 270 a shekara a kan kowace eriya. Birane da dama, a ƙarar da ke ɗauke da sunan birnin Portland, suka ce an mai da dukiyar jama'a ta koma tallafi ga manyan kamfanoni. A watan Agusta na 2020 kotun shiyya ta tara ta tabbatar da yawancin ƙa'idojin, sai dai ta soke waɗansu sharuɗɗan da FCC ta ɗora wa birane kan maganar kyan gani. A 2021 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar.

Maganar lafiya ma ba ta mutu ba. A watan Agusta na 2021 kotun ɗaukaka ƙara da ke birnin Washington ta ce FCC ba ta yi gamsasshen bayani ba sa'ad da ta yanke shawara a 2019 ta ci gaba da amfani da iyakar ƙarfin igiyoyin da ta sa tun 1996, ta kuma mayar mata da batun ta sake dubawa. Kotun ba ta soke iyakar ba, ba ta kuma ce igiyoyin suna da illa ba.

Inda maganar ta shafi Nijeriya

Nijeriya ma tarayya ce, kuma turken sadarwa a cikinta iyayen gida biyu gare shi, ko ma fiye. Tsarin Mulkin 1999 ya sa harkar waya da rabon zangon rediyo cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Amma a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya kan dokar tsara birane ta 1992, Kotun Ƙoli ta ce tsara gari da ba da izinin gini hakkin jihohi ne. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta danƙa filayen birane ga gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. Saboda haka abokin gardamar kamfanonin waya a nan ya fi zama gwamnatin jiha da hukumominta, ƙaramar hukuma tana biye da takardun harajinta.

Bayan gwanjon lasin GSM na watan Janairu, 2001, inda kowane lasi ya tashi a kan dala miliyan 285, turaku suka fara tsirowa a ko'ina. A 2004 Jihar Legas ta kafa wata hukuma, LASIMRA, don sa ido a kan kafa turaku da haƙa hanyoyin waya. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa, watau ALTON, ta kai ƙara, kuma a 2007 Babbar Kotun Tarayya ta ba ta gaskiya, sai dai wannan bai kashe gardamar ba, hukumar ma ba ta rufe ba. Hukumomin tarayya su ma sun yi karo da juna: ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta 2009 ta ce a bar ratar mita 5 tsakanin turke da gidan zama, ita kuwa hukumar muhalli, NESREA, a 2011 ta ce mita 10. Kamfanin da ya tsaya a kan mita 5 na NCC ya saɓa wa ƙa'idar NESREA.

Babban bambanci shi ne makamin da ke hannun hukuma. A Amurka jinkiri ne. A Nijeriya kwaɗo ne, domin abin da kamfanoni suka fi kuka da shi shi ne garƙame turken da ke aiki saboda takaddamar haraji. Turke ɗaya a yau yakan ɗauki kamfanoni biyu ko uku, tun bayan da MTN da Airtel suka sayar da dubban turakunsu ga IHS da American Tower a yarjejeniyoyin 2014. Idan aka hana motar man gas shiga, injin ya mutu, to, masu POS da masu tura kuɗi ta waya da 'yan kasuwar yankin duka sun tsaya.

An yi ƙoƙarin maganin abin ta hanyoyi da dama. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita ta shimfiɗa wayar sadarwa a gefen hanya, ko da yake jihohi da yawa sun ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin wannan, har zuwa 2020 da waɗansu suka sauko, Jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Duk waɗannan sun shafi kuɗi ne da tsaron kaya. Dangane da ba da izini kuwa, sashe na 135 na Dokar Sadarwa ta Nijeriya ta 2003 ya ɗora wa mai lasi alhakin neman amincewar jiha ko ƙaramar hukuma kafin ya kafa kayansa, amma sashen bai yanka wa hukumar da aka nema wa'adin kwanaki ba, bai kuma wajabta mata rubuta dalili idan ta ƙi ba.